Waƙar Riga a Salo Tara

Na-Tsaye ake ce masa, kuma sunan bai yi masa ƙage ba. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake shan shayi, ko gaisuwa ya je gidan mutane ƙafa ɗaya tana ciki ɗaya tana waje. In ka miƙa masa kujera sai ya dafa bayanta ya ce ai yanzu zai wuce. Shekararsa hamsin da biyu a duniya, ya yi kwandasta, ya yi fenti, ya yi tallan tabarau, ya yi wata uku a gidan burodi kafin zafin wuta ya koro shi. Daga ƙarshe ya tsaya a gyaran fanka da rediyo, a wani ɗan shago da ke maƙale da na mai aski. Mai askin yakan ce abin da ya sa ya daɗe a sana'ar fanka shi ne ita ma kanta ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Abu biyu ne kawai ba su taɓa canzawa a jikinsa ba. Na farko hannun rigarsa, kullum a naɗe ninki biyu, domin duk rigunansa Yaya ce ke ɗinkawa, ita kuwa ba ta taɓa ɗinka masa riga daidai jikinsa ba. Na biyu tsohuwar jitarsa, wadda ke rataye a ƙusa tsakanin fuka-fukan fankoki, yana saukewa da zarar shago ya yi shiru na minti biyar.

Yaya ita ce uwarsa, ita ce ubansa. Yana da shekara bakwai iyayensu suka rasu a jere, ita tana da goma sha tara, sai ta jawo keken ɗinkin mahaifiyarsu ta ajiye bakin taga, da shi ta ciyar da su. Keke ne baƙi mai feda, irin wanda ake takawa da ƙafa. Tun daga lokacin, in ta ɗinka masa riga sai ta ƙara tsawo da faɗi, ya sa ya zo yana lilo a ciki yana kumbure-kumbure, ita kuma ta naɗe masa hannun ta ce, "Za ka cika ta." Ya girma, ya yi gemu, ya yi aure, ya fara furfura, har yau bai cika ko ɗaya ba, domin yana ƙaruwa tana ƙara yadi.

A kan wannan ya yi waƙarsa yana da shekara ashirin da biyu. Zaune yake a ƙasa a ɗakin ɗinkin, ya jingina da bango, tana aiki yana lalube a jitar da ya aro, har waƙar ta fito da kanta: riga ta yi mini yawa, Yaya ta ce zan cika ta. Ya ɗauke ta a kaset da wata rediyo mai murfi a karye. Ya yi wasu waƙoƙin daga baya, sun fi arba'in, amma ko shi ya san wannan ce tasa ta gaske. Da wani ne da ya bar ta yadda Allah ya ba shi ita.

To amma Na-Tsaye ne. Zamaninsa kuwa zamani ne da mawaƙan da ke rubuta waƙarsu su kaɗa jitarsu da kansu suka yi yawa, kowa da salonsa, kowace shekara da abin da take yayi. Shi kuma kunnensa ba ya jin sabon abu ya bar shi ya wuce. Da aka shiga yayin jan murya da makoki, ya ja waƙar riga har mai sauraro ya ɗauka mutuwa aka yi. Da aka koma kiɗan rawa, ya zaburar da ita, matasa suka yi ta tsalle a kan maraicinsa ba su sani ba. Ya yi ta da ɗan abin busa rataye a wuya. Ya yi ta yana bugun cikin jitar kamar ganga. Shekarar da kowa ke zagin masu mulki ya sauya baiti biyu, rigar ta zama ƙasa, telan ya zama gwamnati. Ya yi ta rabi magana rabi waƙa, yana sassarfa kamar mai gudun kada a katse shi. Ya yi ta da raɗa, baki manne da makirfo. Ya yi ta da kiɗan kwamfuta, aka matse masa murya har matarsa ta tambaye shi wace yarinya ce wannan. Salo tara cif in an haɗa da na farko, kuma duk sanda ya gama sabo sai ya ce wannan ne na gaskiya, sauran gwaji ne.

Yana da wata ɗabi'a da ya ɗauka ta sa'a ce. Kaset ɗin nan na farko bai taɓa sayen wani don waƙar riga ba. Duk sabon salo sai ya mayar da zaren farko ya ɗauka a kan tsohon. Ko bayan da waya ta kori kaset bai daina ba, sai da rediyon ta mutu. Yaya kuwa kowane salo ya kawo mata tana ji, ƙafarta na kan feda, ta ce, "To, madalla." Shekara talatin bai ji ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne zuwan Nas. Ita ce 'yar Yaya tilo, tana aikin jinya a wata ƙasa mai nisa, tafiyar yini guda a jirgi. Gwiwoyin Yaya sun gaji, hawan jini ya kayar da ita sau biyu a bakin keke, don haka Nas ta zo da takardu a hannu ta ce ƙafarta ƙafar uwarta. Jirgi ranar Alhamis da hantsi. Ba wanda ya faɗa da baki, amma kowa ya san mace mai shekara sittin da huɗu da irin wannan ciwo ba tafiyar je-ka-dawo za ta yi ba.

Ranar Litinin Na-Tsaye ya leƙa gidan Yaya da safe. Ɗakin ya cika da kwalaye, labule a sauke, hotuna a jingine da bango, keken ne kawai ke wurinsa, Yaya na ɗinka wani shuɗin yadi.

"Kai, tsaya," in ji ta.

"A tsaye nake, Yaya."

"To zauna."

"Akwai fankar mutane a buɗe, yanzu zan..."

"Naka dai ba ya ƙarewa. Matso nan." Ta ciro tef daga wuyanta ta ɗora a kafaɗarsa, ta ja shi zuwa wuyan hannu, abin da ba ta taɓa yi ba, domin da ido take auna shi. Shi bai ma lura ba, idonsa na kan ƙofa. "Abu ɗaya nake so kafin in tafi. Waƙar rigar nan. Ka sa mini ita a waya."

Fuskarsa ta washe. "Wane salon? Akwai ta raɗa, ita ta fi dacewa da jirgi. Ko ta..."

"Ta farko. Yadda ka yi ta a nan ƙasa, bayanka a bangon nan."

"Wannan ai mai sauƙi ce. An gama."

Ya koma shago yana fito. Ya sauke jita, ya ɗora yatsunsa, ya buɗe baki. Kalmomin suna nan, ba abin da ya same su. Karin ne babu. Ya fara a hankali, sai ya ji ya zarce cikin na makoki. Ya tsaya, ya sake, yatsun suka ruga kiɗan rawa. Ya ajiye jitar ya zaga shagon, ya kwance wata fanka da ba abin da ya same ta, ya mayar, ya sake ɗaukar jita. Duk ƙofar da ya tura sai ya tarar da ɗaya daga cikin takwas ɗin nan tsaye tana masa dariya. Wajen la'asar gumi ya karyo masa, ga fanka goma sha ɗaya a shagon amma bai tuna ya kunna ko ɗaya ba. Matar da ba ta taɓa roƙonsa ko allura ba ta roƙe shi abu guda, shi kuma ya binne abin da hannunsa.

Ya leƙa wurin mai aski. "Don Allah ka tuna yadda nake yin waƙar riga da can?"

Mai aski ya ɗaga almakashi sama ya fara karkaɗa kafaɗa yana rera ta rawa, har wanda ake yi wa askin ya kama amshi. Na-Tsaye ya juya ya fita. A gida matarsa ta ce, "Ni a salo na huɗu na same ka, Malam. Abin da ya wuce kafin nan ba da ni aka yi ba."

Ranar Talata ya yi ta maza, ya haɗa wani kari mai sanyi wanda ya ga kamar zai yi kama, ya kai wa Yaya. Ya tsaya tsakanin kwalaye ya kaɗa. Bai kai ƙarshen baitin farko ba ta girgiza kai.

"Ba ita ba ce."

"Ki bari in kai amshi mana."

"Wannan ta shekarar da ka bar gemu ce, ka ɗan rage mata gudu kawai."

Ya sake wani.

"Wannan kuma ta lokacin da kake fenti. Har warin fentin nake ji."

Nas, wadda ke durƙushe tana ɗaure kwali, ta ce, "Kawu, ni wallahi wannan ɗin ma ta yi mini daɗi."

"Ke aka tambaya?" in ji Yaya.

Ashe duk tana riƙe da su. Kowane salo ta san shekararsa, ta san sana'ar da yake yi a lokacin, ta san rigar da ke jikinsa. Ya ji kunya ta rufe shi, ya kuma ji haushi, irin haushin da mutum ke ji in an kama shi dumu-dumu.

"To ɗan tuna mini farkon kawai, Yaya. Layi ɗaya."

"Ni na yi waƙar?" Ta ciji zare ta tofar. "Mai abu shi ke neman abinsa. Saura kwana biyu."

Ranar Laraba tun da sassafe ya juye shagon. A ƙasan wani akwati, ƙarƙashin matattun injinan fanka, ya sami kaset ɗin, takardar jikinsa ta yi ja. Bai sa rai da komai ba, ya san abin da ya aikata masa har sau takwas, amma mutum in ya rasa madafa ko bango sai ya tambaya. Ya jawo wata rediyo da mai ita ya manta da ita tun bara, ya buɗe, ya tarar bel ɗin da ke juya kaset ya narke. Ya ɗaura mata roba, ya goge kan da auduga, ya zura kaset ya danna.

Salo na tara ya fito, muryar nan ta yarinya da kiɗan kwamfuta, minti ɗaya da rabi. Tana ƙarewa hannunsa ya tafi zai kashe, yadda ya saba, domin a rayuwarsa bai taɓa barin kaset ya wuce ƙarshen waƙa da daƙiƙa ɗaya ba. Daidai nan wata mata ta shigo ta danƙa masa fanka mai tsaye a hannu biyu tana bayanin yadda take ƙara. Yana riƙe da fankar, zaren ya ci gaba da tafiya. Aka yi ƙyas, sai ga muryarsa tana raɗa, daga tsakiyar baiti.

Ya daskare. Matar na magana, shi bai san tana yi ba. Sai a lokacin lissafin ya faɗo masa: kowane sabon salo ya fi na bayansa gajarta. Gidan rediyo sun ce minti shida ya yi yawa, daga baya aka ce huɗu, masu waya suka ce biyu. Don haka kowace sabuwa kan tsohuwar kawai ta rufe, ta bar wutsiyarta a waje. Raɗa ta ƙare, ƙyas, ga mai sassarfa. Ƙyas, ga mai zagin gwamnati yana huci. Ga mai bugun cikin jita, ga mai busa, ga na rawa. Muryar tana ƙara ƙuruciya, tana ƙara tsabta, yana tsaye rungume da fankar mutane yana jin kansa yana komawa baya. Matar ta gaji ta ce za ta dawo in ya warke.

Na makoki ya ja, ya ja, kamar ba zai ƙare ba. Na-Tsaye ya tsine wa saurayin da ya yi shi, domin duk daƙiƙar da ya ƙara, daga ta farko ya ci. Sannan ƙyas na ƙarshe.

Ba waƙa. An riga an gama rerawa. Abin da ya rage bai fi rabin minti ba: tsirkiya tana sauka a hankali, sau uku, sau huɗu, a ƙarƙashinta kuma wani sauti, taka-taka, taka-taka, ba gaggawa ba tsayawa. Jitar a kansa take tafiya, kamar yaro riƙe da zanen uwarsa. Sai sautin ya tsaya, wata murya ta matashiyar mace, mai dariya a ciki, ta ce, "Ka gama? To taso ka riƙe mini bakin yadin nan." Zaren ya ƙare, rediyon ta yi tsalle ta kashe kanta.

Keken ne. Bai taɓa yin waƙar shi kaɗai ba. Ƙafar Yaya ce ta ba shi kiɗan, shi ya sa duk inda ya kai waƙar ba tare da keken ba take zamewa. Sai kuma ya tuna abin da Nas ta faɗa jiya: Yaya ta ba wata mata da ta koya wa ɗinki keken, yau da hantsi za a zo ɗauka.

Ko shagon bai rufe ba, ya ce wa mai aski ya sa ido. Ya rataya jita ya fita da gudu, mutum mai furfura yana tsallake kwata yana ba masu babur haƙuri. Yana shan kwanar layin ya hango motar ɗaukar kaya a ƙofar gidan, 'yan dako biyu sun fito da keken sun kai bakin mota.

"Ku sauke! Don girman Allah ku sauke!"

"Malam, lafiya? Mu an ce mu ɗora."

"Minti goma. A'a, sha ɗaya. Ku mayar da shi ciki."

Suka dubi Yaya, wadda ke tsaye bakin ƙofa ta dafa sanda. Ta daɗe tana kallon ƙanenta, yana haki, hannun rigarsa ɗaya ya warware ya rufe masa yatsu. Ta ce, "Ku mayar. Bakin taga."

Ɗakin ba komai sai kujerarta da kwalaye. Ta zauna, ta gyara zama, ta ɗora ƙafafun nan masu kumburi a kan feda. Ba zare, ba yadi. Ta murza kan keken da tafin hannu ta fara takawa. Taka-taka, taka-taka.

Na-Tsaye ya duba hagu ya duba dama, sannan ya sulale ƙasa ya jingina bayansa da bango. Nas ta saki baki, domin tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin kawunta a zaune ba sai a mota. Ya miƙa mata wayarsa ya ce ta ɗauka. Ya bi kiɗan keken da yatsu, ya same shi, ya zauna a kai. Amma da ya buɗe baki, karin bai zo ba. Ya sake zagayowa. Babu. Idonsa ya cika, ya ji kamar ya tashi ya fita.

Sai ya ji wani abu a ƙarƙashin ƙarar keken. Yaya ce, bakinta a rufe, tana gunguni a maƙogwaro. Ya san sautin nan. Duk shigowar da ya yi ɗakin nan shekara talatin, yana tsaye bakin ƙofa yana zuba surutu a kan sabon salo, sautin nan yana nan, shi kuwa ya ɗauka kukan keken ne, har ya taɓa ce mata ya kamata a sa masa mai. Kari ne ɗan ƙarami, hawa uku sauka biyu, ba ado ba kwalliya. Abin da ya yi ta yi wa sutura har sau takwas ke nan don yana ganin ya yi tsirara da yawa.

Ya shiga a bayanta. Muryarsa ta fashe a layin farko, ya ci gaba a haka. Riga ta yi mini yawa, Yaya ta ce zan cika ta. Baiti ya bi baiti, har da biyun da ya cire ya ba gwamnati wurinsu suka dawo da kansu. 'Yan dako suka tsaya a taga. Bai yi sauri ba, domin ƙafarta ba ta ba shi hanya ba. Da suka kai ƙarshe ta ɗage ƙafa, keken ya yi juyi biyu ya tsaya.

Nas ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Bari in tura miki a wayarki, Mama."

"Bar ta a tasa."

Na-Tsaye ya ɗago. "Ba ke kika ce in sa miki ba?"

"Ni me zan yi da ita a waya? Tana nan," ta taɓa ƙirjinta. "Kai ne ba ka da ita. Na duba na ga in na hau jirgin nan, duk garin nan ba sauran mai ita, har mai waƙar." Ta juya ga 'yan dako. "Ku ɗauka, mun gama."

Ranar Alhamis ya raka su filin jirgi. Bai iya cewa komai ba sai tambayar ko an ɗauki maganinta, ya tambaya sau huɗu. A bakin ƙofar da ba a barin masu rakiya su wuce, ta ciro wani ƙunshi a leda daga jakarta ta tura masa a ƙirji.

"Kada ka buɗe a nan, ka ba ni kunya."

Nas ta tura keken guragun da aka ba su, suka shige. Yaya ba ta waiwayo ba, hannu kawai ta ɗaga.

A shago ya buɗe. Shuɗin yadin nan ne na ranar Litinin, ɗinkin ƙarshe da keken ya yi mata. Ya tuɓe ta jikinsa ya sa, ya shiga wurin mai aski don ya duba madubi. Kafaɗa ta zauna a kan kafaɗa. Wuya ya kama wuya. Mai aski ya ce, "Kai, yau kuma wane telan ka samu?"

Na-Tsaye ya ci gaba da kallon madubi. Hannunsa na dama ya tafi wuyan hannun hagu don ya naɗe, yadda ya yi kowace safiya tun yana ɗan shekara bakwai. Yatsun suka laluba, suka sake lalubawa, ba su sami abin naɗewa ba. Ya jawo bencin masu jiran aski ya zauna, ya rufe fuskarsa da hannun rigar.